Wai me ke tura mutum ya tsallaka teku da kwalekwale ko ya je hawan dutsen da zai iya kashe shi?

Ɗan Tudun Wada:

Salamu alaikum yan uwa. Don Allah ina da tambaya kuma ba da wasa nake ba, abun ya tsaya min a rai ne. Akwai wani tsoho ɗan ƙasar Poland mai suna Aleksander Doba, injiniya ne da yayi aiki a kamfanin sinadarai har yayi ritaya, yana da mata da yara da jikoki. A ƙarshen 2010 yana da shekara 64 sai ya shiga wani ɗan kwalekwale irin na mutum ɗaya da ake kira kayak, tsawonsa mita 7, ya tashi daga Dakar ta Senegal shi kaɗai da filafilinsa, babu inji babu kowa, sai da yayi kwana 99 a tekun Atlantika kafin ya taka ƙasa a Brazil. To kace ai ya gama ko? Ina! A 2013 ya sake tashi daga Lisbon ta Fotugal ya nufi Florida, a 2017 kuma yana da shekara 70 ya taso daga Amurka ya sauka Faransa bayan kwana 110. Matarsa bata so, amma ya tafi. Daga ƙarshe a Fabrairun 2021 ya je hawan Kilimanjaro a Tanzaniya, ya kai har ƙololuwa, ya zauna ya huta, a nan rai yayi halinsa yana da shekara 74.

Ni abunda ban gane ba shine me suke nema? Ba yunwa ta koro shi ba, ba yaƙi ba, ba fatauci ya tafi ba balle ace zai dawo da riba. Mutum na da gado da katifa da mai dafa mai abinci sai ya zaɓi ya kwana wata uku a cikin akwati ruwan gishiri na cin fatarsa. Kuma bashi kaɗai bane, akwai dubbai irinsa masu hawan tsaunuka da masu tattakin wata shida a daji. Shin taɓin hankali ne, ko neman suna, ko akwai wani daɗi ne a ciki da mu bamu sani ba? Wanda ya san kan abun ya ɗan warware min.

Baba Mai Goro:

Wa alaikumus salam ɗana. Amsar tambayarka kalma ɗaya ce, ƙoshi. Wanda ya tashi da safe yana lissafin kuɗin awo da kuɗin makarantar yara bazai taɓa tunanin zuwa neman wahala a kan dutse ba, wahalar ai ta riga ta zo har gida ta yi sallama. Su kuwa an sauƙaƙe musu komai, wuta bata ɗaukewa, ruwa na zuwa, asibiti na aiki, shine jiki ya rasa abun yi sai ya fara ƙaiƙayi.

Ka duba kuɗin ma kawai. Takardar izinin hawa Everest, dutse mafi tsawo a duniya, daga gwamnatin Nepal dala dubu 11 ce shekara da shekaru, a 2025 suka mayar da ita dala dubu 15, wannan fa takarda kawai, kafin kazo kan kuɗin jirgi da kaya da tukwanen iskar shaƙa da masu rakiya, mutum kan kashe dala dubu 40 zuwa abunda yayi sama. Ka buga wannan a naira ka gani ko gida nawa ne. Kuma waye ke yin aikin na gaskiya? Yan ƙabilar Sherpa. Su ke ɗaure igiya, su ke kafa tsani a kan ramukan ƙanƙara, su ke ɗaukar tanti da abinci su hau su sauko su sake hawa, bature yazo ya bi igiyar ya ɗau hoto ace yayi bajinta. A Afrilun 2014 ƙanƙara ta rufto ta kashe ma'aikatan dutsen yan Nepal 16 a safiya ɗaya suna kai kayan baƙi sama. Akwai wani Kami Rita Sherpa da ya hau dutsen nan sau 30 har da ɗoriya, sana'arsa kenan, da ita yake ci da iyali, shi na fahimce shi sarai.

Shi kansa George Mallory ɗan Ingila da aka tambaya a 1923 me yasa yake son hawa Everest cewa yayi wai "saboda yana nan". Yanzu wannan amsa ce fisabilillahi? Rijiya ma ai tana nan. Shekara na zagayowa a 1924 ya ɓace a kan dutsen, sai 1999 aka tsinci gawarsa, ya bar mace da yara uku. Ni dai ban ga abun yabo ba.

Ummi yar Jos:

Baba Allah ya ƙara girma, maganar kuɗi da maganar Sherpa gaskiya ka faɗa ba mai ja da kai, amma ƙoshi shi kaɗai bai isa ya zama amsa ba, in ƙoshi ne da duk masu kuɗin duniya na kan dutse, alhali yawancinsu ko matakalar bene basa so sai lifta. Kuɗi na biyan hanya ne kawai, bashi ke sa son abun a zuciya ba.

Ka ɗauki Emma Gatewood. Matar manomi ce a jihar Ohio ta Amurka, yaranta 11, ta sha dukan miji na tsawon shekaru kafin aure ya mutu. A 1955 tana da shekara 67 tace ma yaranta zata ɗan fita tattaki, bata faɗa musu ina ba, ashe hanyar tsaunukan Apalachiya ta nufa, hanyar ƙafa ce a daji mai tsawon kusan kilomita 3,500 da ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Maine. Da takalmin kambas ta tafi da buhu ɗaya da ta ɗinka da kanta ta saɓa a kafaɗa, babu tanti, labulen banɗaki na roba ne abun kare ruwanta, ta gama a kwana 146, kuma a 1957 ta koma ta maimaita. Wannan wane ƙoshi gareta? Wanda ya fara bin hanyar gaba ɗaya a tafiya guda kuma, Earl Shaffer a 1948, soja ne da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu an kashe mai amininsa, ya tafi ne don ya fitar da yaƙin daga kansa. Har yau in ka bi labarin masu wannan tattakin zaka samu da yawa wani abu ne ya faru dasu, rasuwa ko mutuwar aure ko kora daga aiki, kuma duk da haka kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe.

Ni ina hawan duwatsun Shere anan Jos da yan ƙungiyarmu, ƙololuwarsu mita 1,829 ce, ba wani abun a zo a gani bane in ka haɗa da su Kilimanjaro mai mita 5,895, amma abunda ke ciki iri ɗaya ne sai dai girma. Bari in faɗa maka yadda nake ji. Duk matsalolin da nake fama dasu a ƙasa basu da ƙarshe kuma ba a hannuna suke ba, albashi ya makara, farashi ya tashi, rigimar dangi da aka fara tun kafin a haife ni, ka yi iya yinka yau gobe ka tashi ka same su inda ka barsu. Shi kuwa dutse wahala ce da ni na zaɓa da kaina, tana da farko tana da ƙarshe, kuma babu alfarma a ciki, baka da kawu da zai buga waya a ɗaga ka zuwa sama, ƙafarka ce ko dai ta kai ka ko bata kai ka ba. A rayuwar da kusan komai sai da sanayya, wannan ba ƙaramin abu bane wallahi.

Na biyu kuma shirun da kai ke yi. Idan ka zo wajen da dutsen yayi santsi kana neman inda zaka sa yatsa kana haki gwiwa na rawa, wallahi babu sauran wuri a kwanyarka da bashi zai zauna ko maganar da wance ta faɗa a gidan biki, duk sun tafi, kai da tafin hannunka da dutsen kawai. Akwai wani masanin halayyar ɗan adam a jami'ar Chicago, Mihaly Csikszentmihalyi (kar wanda yace in maimaita sunan), da ya zauna da masu hawan dutse da yan dara irin ta chess da likitocin tiyata a shekarun 1970, ya gano duk abu ɗaya suke bayyanawa, wato in aiki ya kai daidai bakin iyawarka, bai yi sauƙin da zai gundure ka ba kuma bai fi ƙarfinka ba, sai ka nutse a ciki ka manta da lokaci ka manta da kanka. Matsalar kawai itace iyawa na ƙaruwa, dutsen da ya baka wannan yanayin bara bana ya zama wasan yara, dole ka nemi wanda ya fishi. Ni yanzu haka idona na kan Chappal Waddi a Taraba cikin gandun Gashaka Gumti, mita 2,419, mafi tsawo a Najeriya. To ka ga yadda ake farawa daga kogin bayan gari a ƙare a Atlantika, ai shi ma tsohon da ɗan uwa ya kawo labarinsa a kogunan ƙasarsu ya fara, ya zagaye tekun Baltic, kafin ya hango babban.

Basarken Yawuri:

Hhh yar uwa kin iya zance. Ni dai a bakin Neja aka haife ni, ubana da kakana duk a cikin jirgi suka tsufa, kuma in ka gaya ma tsohona wai wani ya biya kuɗi don ya tuƙa kwalekwale kwana 99 ba kifi ba fasinja zai ce a kai shi a yi mai ruƙiyya. Mu ruwa gona ce kuma hanya ce, ba a shiga don a gwada ƙarfi dashi. Tun kana yaro ake koya maka karanta fuskarsa, inda yayi lumui da yawa ka kiyaye, inda yake juyawa akwai dutse a ƙasa, in iska ta taso daga gabas da la'asar a damina ka nemi gaɓa ko da kayan wa ka ɗauko, wajen da dorina ke da ɗa kuma ko kallo bai ishe ka ba. Tsofaffinmu na cewa gwani ruwa ke ci, don wanda bai iya ba ai baya nisa da gaɓa.

Kuma turawan nan sun daɗe suna wannan. Mungo Park ta gabanmu ya wuce a 1806 ya je ya halaka a guraren duwatsun Busa, wajen da yanzu tafkin Kainji ya shanye tun da aka gama dam a 1968, koda yake shi gwamnatinsu ce ta aiko shi neman inda kogin ya ƙare, da manufa ya zo. Na zamanin nan kuwa su ke aiken kansu. Akwai Hendri Coetzee ɗan Afirka ta Kudu, gwani ne na gaske wanda ya bi kogin Nilu tun daga sama har teku, a Disambar 2010 a kogin Lukuga na Kongo kada ya fizge shi daga cikin kayak ɗinsa a gaban abokan tafiyarsa Amurkawa biyu, shekararsa 35. Da Andrew McAuley ɗan Ostireliya da yace zai tsallaka daga Tasmaniya zuwa New Zealand shi kaɗai a 2007, yayi wata guda a teku saura kaɗan ya iso har matarsa da ɗansa na jiransa a can, sai kwalekwalen aka samu babu shi.

Amma fa tsakani da Allah bazan ce ban san abunda kuke faɗa ba. Ranar Rigata in aka jera jirage za a yi tsere, samarin da suka kwana suna su da daddare sun gaji liƙis su ne zaka ga suna tuƙi kamar ransu zai fita, kyautar ma in ka raba ta tsakaninsu bata kai kifin kwana biyu ba. Kuma akwai yaran da ke iyo su tsallaka reshen kogi lokacin da ruwa ya cika ba don komai ba sai don ace wane ya tsallaka. Ana zane su a gida, gobe su koma. Saboda haka abun na cikin jinin ɗan adam, bambancin kawai mu muna da manya da ke tsawatarwa kuma muna da aikin da ke cinye ƙarfin, su kuma har kamfani ke basu kuɗi su ƙara gaba.

Dakta Ƙarami:

Bari in shigo ta ɓangaren jiki tunda nan na ɗan fi sani. Da farko mutane ba ɗaya suke ba wajen son sabon abu mai tada tsikar jiki, wani masani Marvin Zuckerman ya fara auna wannan tun shekarun 1960, wasu an halicce su da ƙishin abun fiye da wasu, kuma ya fi ƙarfi a ƙuruciya yana raguwa da shekaru, shi yasa irin su Doba da suka ci gaba har tsufa suke ba mutane mamaki. Akwai Alex Honnold da ya hau bangon dutsen El Capitan a Kalifoniya a Yunin 2017, kusan mita 900 a miƙe, babu igiya babu komai, cikin ƙasa da awa huɗu. An taɓa sa kansa a na'urar hoton ƙwaƙwalwa ana nuna mai hotuna masu firgitarwa, sashen da ke kunna tsoro kusan bai motsa ba. Amma kar ku ɗauka ganganci yayi, ya fi shekara yana bin hanyar nan da igiya yana haddace kowane wajen riƙo yana rubutawa. Yawancin waɗanda suka daɗe a harkar haka suke, mutane ne masu lissafi da tsantseni har ya zama kamar cuta, masu gangancin basa daɗewa.

Inda nake so ku lura shine abunda Ummi ta yaba, wato ƙudurin sai na kai, shine kuma ke kashe su. A saman Kilimanjaro iskar da kake shaƙa kusan rabin ta bakin teku ce, a saman Everest mai mita 8,849 kusan kashi ɗaya cikin uku. Sama da mita 8,000 jiki baya sabawa, mutuwa yake a hankali, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma abu na farko da ke lalacewa shine hankalin da zaka yanke shawara dashi. To ka haɗa wannan da mutumin da ya tara kuɗin shekaru, ya gaya ma duk garinsu zai hau, ga ƙololuwa yana hango ta, kace mai ya juya.

Misalin da kowa ke bayarwa shine abunda ya faru a Everest a Mayun 1996. Rob Hall ɗan New Zealand, jagora ne da ake ji dashi wajen kiyaye doka, ƙa'idar itace in ƙarfe biyun rana tayi baka kai ba ka juyo duk inda kake. Cikin mutanensa akwai Doug Hansen, ma'aikacin gidan waya ne ba attajiri ba, wanda a 1995 Hall ɗin ya juyo dashi saura ƙiris. Wannan karon basu juya ba, sai wajen ƙarfe huɗu Hansen ya kai, guguwa ta rufe su a hanyar saukowa, su biyun duka suka mutu, mutum 8 dutsen ya ci a wannan guguwar. A kwanakin kuma akwai wani ɗan Sweden, Göran Kropp, da ya taho tun daga ƙasarsu a kan keke da kayansa har Nepal, ya hau shi kaɗai ba tukunyar iska, saura kamar mita 100 ya kai sai ya duba lokaci ya ga rana tayi, ya juyo. Mutumin da ya tuƙa keke wata da watanni fa. Ya sauko ya huta, bayan sati uku ya koma ya kai. Ni a wajena wannan juyowar tafi hawan wuya nesa ba kusa ba, kuma da yawan mutum sama da 300 da suka mutu a dutsen a hanyar saukowa ne ko bayan ƙarfinsu ya ƙare a sama.

Baba kuma maganar neman suna da gaskiyarka, ku nemi hoton da aka ɗauka a Mayun 2019 na layin mutane a kan siririn gefen dutse dab da ƙololuwar Everest, kowa na jiran a matsa ya ɗau hoto iskar tukunyarsa na ƙarewa. A cikin layin nan akwai masu son dutse da gaske, akwai kuma wanda in aka ce ba kyamara ba Instagram ko filin jirgi bazai je ba.

Malam na Zaure:

Madalla da wannan tattaunawa. Dakta ka taɓo inda nake so in tsaya. Allah yace a suratul Baƙara aya ta 195 kada ku jefa kanku da hannayenku zuwa halaka, kuma rai amana ce ba mallakar mutum ba, iyali ma suna da haƙƙi a kansa. A ɗaya ɓangaren kuma Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kuma addini bai hana motsa jiki da iyo da tsere ba, an ma kwaɗaitar. Saboda haka ba a yi ma abun hukunci ɗaya, abun dubawa shine rinjayen zato. Wanda ya koya, ya shirya, ya tafi da masana hanya, galibi ana dawowa lafiya, kamar hawan da yarinyar nan Ummi ke yi, wannan babu laifi in an kiyaye sallah da sutura. Wanda kuma zai hau bango mita 900 ba igiya, zamewar yatsa ɗaya ta gama dashi, ni ban ga ta inda za a halatta ba ko da ya haddace dutsen kamar fatiha.

Kuma kada mu ɗauka doguwar tafiya mai haɗari baƙuwa ce a wajenmu. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa, ta Borno su ratsa Chadi su shiga Darfur har bakin Bahar Maliya su hau jirgin ruwa a Sawakin, wani yayi shekara biyar wani goma, yana tsayawa yana noma ko ƙwadago ya tara guzuri ya ƙara gaba, da yawa basu dawo ba, zuriyarsu na cikin Hausawan da ke Sudan yau. Ana raba gado kafin mutum ya tafi ma a wasu gidajen. Sun san daɗin isa bayan wuya fiye da kowa. Sai dai su sun san abunda suka je nema kuma sun san wajen wa zasu karɓi lada, shi kuwa mai amsar "saboda yana nan" ko shi kansa bai iya faɗin nashi ba.

Hajiyar Buea:

Allah gafarta malam, a yi min afuwa in sa baki. Duk kuna ta kawo turawa kamar mu baƙaƙe bamu ciki. Mu nan Kamaru muna zaune a gindin dutsen Kamaru, ya haura mita 4,000 kuma dutse ne mai aman wuta da ransa, ko a 1999 da 2000 yayi. Tun 1973 ake tseren hawansa duk shekara, yawanci a Fabrairu, a tashi daga filin wasa na Molyko a hau har sama a sauko, wajen kilomita 38, mazan da ke cinyewa na yi a awa huɗu da ɗoriya, abunda baƙo mai yawon buɗe ido ke yi a kwana biyu ko uku. Kuma da yawansu manoma ne daga ƙauyukan arewa maso yammacin Kamaru. Akwai Sarah Etonge da ake kira sarauniyar dutse, uwar yara bakwai, sau bakwai tana zuwa ta ɗaya a ɓangaren mata. Eh akwai kyautar kuɗi kuma tana da tsoka, amma mutum ɗari nawa ke shiga, nawa ke samu? Sauran su sauko da gwiwa a fashe da farce a cire don gangarowa kan tsakuwar dutsen tafi hawan azaba, baɗi kuma ka gansu a layin rajista. Baba Mai Goro waɗannan dai ba ƙoshi ke damunsu ba.

Baba Mai Goro:

Hajiya naji, na janye rabin maganata, rabin kawai. Manomin da ya hau ya sauko a yini ɗaya ya koma gonarsa daban, wanda ya bar mace da goyo ya tafi teku wata uku daban. Har yanzu ba wanda ya gaya min me za a ce ma yaron McAuley da ya tsaya a gaɓa yana jiran ubansa.

Ɗan Tudun Wada:

Nagode ƙwarai jama'a, Allah ya ƙara sani. Tambayar Baba ta ƙarshe nima bani da amsarta gaskiya. Anti Ummi ni ko Dala da Goron Dutse in na hau sai na zauna sau biyu a hanya, amma kin sa min son ganin abun da idona. Shere ɗin nan ana zuwa da damina ko sai an jira kaka, kuma wane irin takalmi ake sawa, don ni sandal gareni da takalmin zuwa ofis.

Ummi yar Jos:

Ka bari sai ruwa ya ɗauke ƙanena, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da damina dutsen santsi yake kuma ga tsawa. Sandal kam a'a, ka nemi kambas mai ƙasan roba mai kama ƙasa ko na gwanjo ne, ka sa shi kayi yawo dashi sati biyu kafin ranar don kar ya ci maka ƙafa. Ka taho da rigar sanyi don hunturun Jos ba irin na Kano bane, da ruwa aƙalla lita biyu da dabino ko ƙuli-ƙuli, kuma a fita da sassafe bayan asuba. Kar ka tafi kai kaɗai, a nemi ɗan jagora daga mutanen wajen a kuma tambayi yanayin tsaro a satin, in yace a juya a juya ba musu.